Kwantan Burodi

Ku da kuke karanta ni, ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Sunana Huseina. Ku riƙe wannan da kyau, domin wata goma sha huɗu na yi ina amsa sunan da ba nawa ba.

Mu biyu Inna ta haifa rana ɗaya, ni da Hassana, a wani ɗan ƙauye kusa da Zakirai, inda gona ke manne da gona har ba ka sanin iyakar ta wani sai ka ga jerin gamba. Fuskarmu ɗaya, tsayinmu ɗaya, har wushiryarmu ɗaya. Abu guda ne ya bambanta mu: Hassana tana da ɗan tsamin baki. In za ta ce ruwa, sai ka ji ta ce “luwa”.

Ita ta tafi jami'a can wajen Rijiyar Zaki, ni na tsaya gida ina koyarwa a firamare. A jami'ar ta haɗu da Abdulhadi, kafin ya tafi Jamus ya kama aiki a gidan kula da tsofaffi. Bai taɓa taka ƙauyenmu ba. Soyayyarsu duk a waya take.

Farkon daminar bara zazzaɓi ya kama Hassana ranar Laraba. Ranar Asabar aka kai ta makwancinta. Ranar sadakar uku, ana rabon gumba a tsakar gida, wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Saƙon Abdulhadi ne.

“Hasanatu, kwana uku shiru. Lafiya dai?”

Wallahi na rubuta Innalillahi, na goge. Na rubuta cewa ni 'yar uwarta ce, na goge. Abin da yatsana ya tura shi ne: “Lafiya lau, sabis ne babu.”

Na ce gobe zan gaya masa. Goben ce ba ta zo ba. In ya nemi hoto sai in saka kayanta in ɗauka. In ya kira sai in katse, in ce a ƙauye rubutu kaɗai ke wucewa. Ban taɓa tura masa murya ba, ko sau ɗaya, don na san harshena zai tona ni. Shi kuwa ya dinga ba ni labarin tsofaffin da yake wa wanka, da wanda ya mutu riƙe da hannunsa yana kiran sa da sunan ɗansa. Na koma na karanta tsofaffin hirarrakinsu da Hassana, ban ga inda ya taɓa ba ta irin wannan labarin ba. Da wannan nake lallashin zuciyata. Ban ce hujja ce ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce saƙonsa ya shigo.

“Na sauka Kano. Lahadi da azahar ina gidanku. Abu ɗaya nake roƙo, ki yi min Knödel.”

“In yi maka me?”

“Dunƙulen burodi ne, abincin mutanen can. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta ce duk wanda ya haɗa shi bai wargaje masa a tukunya ba, ya iya riƙe gida. Ki nemi burodin da ya yi kwantai, kwana biyu ko uku, marar sukari da yawa. Sabo ba ya yi, caɓewa yake.”

Ya jero min yadda ake yi tiryan-tiryan. Ya ce da miyar naman kaza ake ci, amma naman kazar da ke tsirowa a ƙasa.

Na karanta wa Gwaggo Indo, ƙanwar marigayi Babanmu, wadda ta gano sirrina tun watan azumi, kuma maimakon ta tsawatar, sai ta ɗauke shi tamkar kyautar Allah.

“Kunun wa ya ce?”

“Knödel, Gwaggo.”

“Oho, su dai suka sani. Naman kaza kuwa, a gidan nan mai fiffike za a yanka, ba za mu ba suruki abin da kwaɗi ke fakewa a ƙarƙashinsa ba.” Ta nuna ni da tsinken sakace. “Ke kuma ki buɗe kunne. Shekara ashirin da takwas, sa'anninki suna kawo 'ya'yansu makaranta, ke kina share musu majina. Kin yi kwantai, Huseina. Allah ya jefo miki mai saye har gida, kar ki kuskura ki yi mana baƙin baki.”

Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na biya teburin Muntaka mai shayi a Zakirai.

“Malama Huseina! Ga sabo yanzu aka sauke, da ɗuminsa.”

“Na kwantai nake so.”

Ya tsaya da ludayi a hannu. “Awaki za ki ba?”

“Baƙo zan yi.”

“Baƙo! Me bawan Allah ya yi miki da zafi haka?”

Na benci suka kwashe da dariya. Wani dattijo ya sunkuya cikin kofinsa ya ce, ƙasa-ƙasa amma don in ji, “Kwantai ya zo neman ɗan uwansa.” Muntaka ya yi kamar bai ji ba. Ya jawo guda uku daga ƙasan tebur, sun yi tauri kamar tubali, ya zuba min a leda ya ce in je kawai, wannan ba na sayarwa ba ne.

Hanyar ƙauyenmu a ƙarshen damina siririya ce, dawa ta fi mutum tsayi dama da hagu, kuma ta gefen maƙabarta take bi. La'asar ce sakaliya, rana tarwai, amma ko kukan kurciya babu. Ina tafe na ji ganye na motsi a kunyar da ke gefena, daidai da takuna. Na tsaya, ya tsaya. Na ɗaga ƙafa, ya ci gaba. Tun muna yara haka muke dawowa daga gona, ni a wannan kunyar, ita a waccan, muna tsere ba mu ganin juna. Na ce iska ce. Na ƙanƙame ledar burodi na karanta Ayatul Kursiyyu har ƙofar gida, ban waiwaya ba.

Ranar Lahadi da hantsi na tura masa kwatance. Na ce in ya iso ya tambayi gidan 'yan biyu, kar ya ambaci suna, yadda Gwaggo ta koya min. Saƙon na tafiya wayar ta ɗauke, caji ya ƙare ƙaf. Na cusa ta ƙarƙashin filo na shiga ɗakin girki da abin da na haddace.

Mu uku ne a ciki: ni, Inna a bakin murhu, Gwaggo a kan turmi tana fige kaza.

Na yanka burodin ƙanana-ƙanana kamar ƙwallon ludo, wuƙar na ƙara saboda taurinsa. Na ɗumama madarar shanu, sabuwar tatsa, na kwarara a kai, na rufe da faifai. Kafin ya sha na soya albasa a man shanu har ta yi laushi. Wani ganye da Abdulhadi ya ambata ba mu da shi, sai na yanka lawashi. Da na buɗe faifan, busasshen burodin nan da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci, ya tsotse madara ya kumbura ya yi taushi. Na tsaya ina kallon sa fiye da yadda ya kamata. Sannan na fasa ƙwai uku, na zuba albasar, gishiri, na kankare gyaɗar ƙamshi kaɗan, na sa hannu biyu ina cuɗawa a hankali.

A lokacin Gwaggo ta zaro wani abu daga haɓar zaninta ta ajiye kusa da gwiwata. Katin ɗan ƙasa na Hassana ne. Fuskata ce a jiki, da sunanta.

“Da wannan za a yi miki fasfo. In ya ji wani ya kira ki Huseina, ki ce mutanen ƙauye ne, har yau ruɗa ku suke. Wadda ta rasu ita ce Huseina, shi ke nan.”

“Gwaggo, a masallaci fa za a ambaci suna ranar ɗaurin aure.”

“To sai me? Wa zai tone kabari ya tambaya?”

Na dubi Inna.

“Kalle ta da kyau,” in ji Gwaggo. “Tambaye ta. Kuna wata biyu jan zaren da aka ɗaura wa Hassana a hannu ya tsinke a ruwan wanka. Ni ina wajen. Uwarku ta dube ku ta dube ku, ta ɗaura wa wadda ta fi kusa. Wa ya sani ko tun asali ke ce Hassanar? Ina ƙaryar take a nan?”

“Inna, haka ne?”

Inna ta gyara itace. “Haka ne.”

Ku gaya min, ku masu karatu, me za ku yi da wannan? Ƙofa ce aka buɗe min, faffaɗa, har da tabarma. Hannuna na cikin ƙullu, amma na ji kamar ba nawa ba ne.

A saƙonsa Abdulhadi ya ce a fara gwada guda ɗaya. Na jiƙa tafin hannu na mulmula shi kamar dawon fura. Ruwan gishiri na ta tafarfasa yana tsalle, ni kuma na saba da ɗan wake, wanda sai ruwa ya haukace ake jefawa. Na jefa. Kan in ƙirga ashirin ya tarwatse, ruwan ya koma kamar kunun da ya ƙi kamawa.

Gwaggo ta saki kazar. “Na sani. 'Yan biyu in suka yi fushi, tukunya ba ta nuna. Kuna yara sau nawa kuka hana min tuwo dahuwa?” Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta yi maza ta tofar. “Camfi ne dai. A'uzubillahi.”

Inna ta miƙa hannu ta janye itace biyu daga murhu. Ta sauya ruwa, ta jira ya tafasa, ta sake janye guda, har ya zama ruwan rawa kawai yake, ba ya tsalle.

Sai a lokacin na tuna haka ya rubuta. Amma wannan gaɓar ban karanta wa kowa ba.

“Inna, wa ya gaya miki?”

“Ba ke kika faɗa yanzu ba? Kin ce a janye itace, kar luwan ya…”

Ta kama bakinta. Ita ma ta ji yadda kalmar ta fito.

“Ni ban yi magana ba, Inna.”

Gwaggo ta jawo kazarta ta koma bakin ƙofa inda rana take.

Na daka ɓawon burodin da ya rage na barbaɗa a ƙullun don ya ƙara ƙarfi. Na mulmula goma sha biyu, domin a gidanmu Inna ba ta taɓa yarda a yi abu mara ba, komai bibbiyu ne. Da na jera su a faranti, farare, a dunƙule, sai na ga ba su da maraba da gumbar sadakar uku. Na zura su cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya da ludayi. Suka nutse. Muka zuba ido.

Wajen minti goma na farko ya juyo ya taso. Na biyu ya biyo shi. Suna tasowa suna jujjuyawa a hankali, sun kumbura, babu wanda ya fashe. Na ba su wasu minti goman, na sa matsami ina kwashewa ina ƙirgawa.

Goma sha ɗaya.

Na leƙa. Na sha biyun yana can ƙasan tukunya, lafiyarsa ƙalau, bai kama ba, bai fashe ba. Na taɓa shi da matsami ya gangara gefe ya sake zama. Na kai hannu zan tsamo shi, Inna ta riƙe min wuyan hannu.

“Bar mata nata.”

Ta kashe wutar da ruwa. Hayaƙi ya tashi tsakaninmu. Ba ta sake ni ba.

“Ban san wacce na fara haifa ba, Huseina. Wannan laifina ne, kuma na roƙi Allah gafara. Amma na san wacce na wanke, na san wacce na rufe wa ido. Kar ki sa in yi makoki sau biyu, ga ki a tsaye.”

Gwaggo ta shimfiɗa min leshin Hassana ruwan ƙwai a kan gado, da mayafinsa, da ɗan kunnen da Abdulhadi ya aiko mata. Har yau ƙamshin humrarta na jiki. Na yi wanka na tsaya a kansu, ruwa na ɗiga daga gashina. Sannan na buɗe akwatina na ɗauko atamfata shuɗiya wadda nake zuwa makaranta da ita, wadda alli ya cinye wa bakin hannu.

“Wannan tsumman za ki saka?”

“Shi ne nawa, Gwaggo.”

Ana idar da azahar mota ta tsaya a gindin darbejiya. Inna ta sa aka yi masa iso zuwa zaure. Na jera dunƙulen a kwanon samira, miyar kaza a wani, na ɗauki tire.

Ya fi hotonsa rama. Farar shadda, hula zanna, tabarau. Idanunsa jajaye kamar wanda ya yi tafiya cikin hayaƙi. Na yi sallama ya amsa. Bai kira ni da kowane suna ba.

Na durƙusa na buɗe kwano. Tururi ya tashi da ƙamshin man shanu. Ya duba ya ɗan murmusa.

“Ba su wargaje ba.”

“Na farko ya wargaje.”

“Kowa na farkonsa wargajewa yake.”

Na tura masa ruwan wanke hannu. Bai taɓa ba.

“Bismillah mana.”

“Zan ci. Jira nake.”

“Jiran me?”

“Ko akwai abin da za ki ce kafin nan.”

A bayan ƙofa Gwaggo ta yi tari, irin tarin da ba na ƙirji ba. Na kalli dunƙulen. Burodin da ya kwana uku bai ɓoye cewa ya kwana ba, a haka aka neme shi. Na ji bakina ya buɗe.

“Malam Abdulhadi, ni ba Hassana ba ce. Huseina ce, 'yar uwarta. Hassana ta rasu farkon daminar bara. Duk abin da ka karanta tun daga ranar, ni na rubuta. Hotunan ni ce a cikin kayanta. Ba wanda ya sa ni farawa. Na so in gaya maka, daga baya kuma na daina so.”

Na jira ya miƙe. Na jira ya tofa min yawu, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba.

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin hannun riga. “Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.” Ya mayar da tabarau. “Na sani. Tun ƙarfe sha ɗaya na sani. A gefen titi na tsaya wajen Gezawa, awa guda ban iya tuƙi ba. Sau biyu ina juya kan mota.”

“Wa ya gaya maka? Muntaka?”

“Wane ne Muntaka?” Ya zaro wayarsa. “Wata goma sha huɗu ina roƙon a turo min murya. Yau aka turo.”

Ya juyo min da fuskar wayar. Lambarmu ce, hotona a sama cikin mayafin Hassana. A ƙarƙashin kwatancen da na tura da hantsi akwai saƙon murya, sha ɗaya da minti bakwai. Ya danna.

Da farko ƙarar wuta ce, da tukunya na tafarfasa. Sannan murya, kusa ƙwarai, kamar mai raɗa:

“Abdul, ni na liga na tafi. Wadda za ta kawo maka abinci ba ni ba ce. In ta faɗa da bakinta, ka ci. In ba ta faɗa ba, ko luwan gidan kar ka sha.”

Can nesa a bayan muryar, tar da ita, aka ji Gwaggo Indo tana cewa: “To sai me? Wa zai tone kabari ya tambaya?”

A bayan ƙofa wani abu ya faɗi, sai takun Gwaggo da salati tana yin cikin gida.

“Wayar tana ƙarƙashin filo,” na ce. “A mace take tun hantsi. Hannuna biyu suna cikin ƙullu.”

“Ban tambaye ki ba.” Ya ajiye wayar a kife. “Ban yafe miki ba tukuna, Huseina. Kin hana ni yi mata addu'a shekara guda da wata biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ban kuma san me zan yi da ke ba. Amma wadda na ba labarin tsohon nan tun kafin ya mutu a hannuna, ta ce min in amsa sunan ɗansa tunda ba shi da kowa, ke ce. Yanzu na gane inda kika samo wannan fatawar.”

Ya jawo ruwan ya wanke hannu. Ya ɗauki dunƙule guda ya raba shi biyu da yatsa, ya dangwali miya, ya yi bismillah.

Ya tauna a hankali. “Sukarin burodinku ya ɗan fito. Amma shi ne.”

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya. “Huseina!”

“Na'am!”

Karo na farko ke nan da na amsa sunana a gabansa. Na tashi na shiga.

Inna na tsaye a ƙofar ɗakin girki, hannunta a kan ƙirji. Murhu ya mutu tun ɗazu, toka jiƙe, ruwan tukunya ya huce har maiƙo ya kwanta a samansa.

“Ya taso,” ta ce.

Na leƙa. Na sha biyun yana yawo a saman ruwan sanyi, yana juyawa a hankali. Da ya juyo da ɗaya gefen sai na ga an gutsire shi. Sawun haƙora ne a jere, tsaf, da ɗan tudu siriri a tsakiya inda haƙoran gaba ba su haɗu ba.

Wushirya ce irin tamu.